Ranar da Badamasi Ya Ce Mini Malama

Sakkwato, ƙarshen Agusta

Zuwa ga Tsohuwar Kadar Kaoje,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da ɗiyarki Safina da jikoki da awakin nan naki marasa tarbiyya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ke tuna mini cewa ritaya na bakin ƙofa. Uwargida tana gaishe ki, ta ce busasshen kifin da kinka aiko ya iso. Ni dai ban gode ba, don haƙƙina ne. Kakana shi ne wa, kakarki ƙanwarsa, ke nan ke da abin da ke cikin rumbunki duk nawa ne.

Batulu, watan awon jini ya tsaya. Na san kin manta, don haka bari in maimaita wa tsohuwar malamar firamare darasinta. Ƙarin da anka cire miki a hanji yana zubar da wani sinadari cikin jini, wanda mu a ɗakin gwaji muke kira CEA, ke kuma kike kira Alama. Kafin a yi miki aiki ya haura talatin. Bayan aiki da ƙarin ruwan magani ya sauko biyu da 'yan kai, ya kwanta nan. Muddin yana kwance mu ma muna kwance. Shi ya sa likita ya ce duk wata uku a leƙa shi, don in ciwon zai ɗago kai, sau da yawa jini ke riga jiki faɗa.

Na ji labarin kin ci alwashin bana da kanki za ki yi noman rani a fadamarki, karo na farko tun kwanciyarki. Madalla. Ki zo a auna ki kafin ruwa ya ja baya, don in kinka shiga laka babu mai iya fitar da kada. Buhuna na shinkafa kuma ki ware shi tun yanzu, ba na son mai tsakuwa.

Ki ba Abdulrashid direba amsa. Yin waya da ke ɓata lokaci ne, rabin maganar layin ƙasar Binin da ke kutso muku ke cinye ta, sauran rabin jikoki.

Ubangidanki, ko kin so ko kin ƙi,
Badamasi

*

Kaoje, tsakiyar Satumba

Zuwa ga Mai Kwalabe,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na karanta, na ba akuya ta ƙi ci. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ina cin tuwo har in nemi ƙari. Yatsun hannu da na ƙafa ne dai har yanzu ba su gama farkawa daga maganin nan ba, amma likita ya ce in riƙa motsa su, shi ya sa nake ɓata biro a kanka. Ka gaida uwargida, ka ce mata ina yi mata jajen zama da kai.

Zancen ubangida kuwa, wanda ya shekara talatin yana wanke kwalaben jinin mutane ba shi zai ce wani bara ne ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ban manta da awo ba, hanya ce ta hana. Ruwa ya cinye wani kwalbati tsakaninmu da Bagudo, motoci sunka daina wucewa sai babura, ni kuwa cikin da anka ɗinke ba zai hau babur har can ba. Sai ga sunan jikar ƙanwata a ƙetaren iyaka, ƙasar Binin, wajen Segbana, inda hanya ta fi dama. Bayan an watse suna, yaranta sunka ce ai akwai ɗakin gwaji mai kyau a Kandi, me zai sa in zauna jiran kwalbati? Sunka kai ni. Wuri tsaf, mutanen kirki, har da ba ni kujera mai taushi, abin da ku ba ku taɓa yi mini ba.

Takardar da Faransanci ta fito, amma lamba ba ta da yare. Alama ta tashi daga biyu da 'yan kai, ta koma huɗu da rabi. Na saka maka takardar cikin ambulan.

Ba zan ɓoye maka ba, tun da na gan ta hankalina bai kwanta ba. Kai ka ce mini in tana kwance mu kwanta. To ga ta ta tashi zaune. Mutanenmu na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wadda ba za ta yi kyau ba ma haka ne. Na tanadi iri, na sa an gyara injin ban ruwa, na yi magana da masu dashe. Amma ba na son in zuba irin da wani zai girbe yana cewa Allah ya jiƙan mai gona. In ciwon ne ke dawowa, gara in miƙa fadamar ga Zayyanu maƙwabcina tun da sauran lokaci, ya noma, kada ta kwana banza.

Don haka, Badamasi, wannan karon ka aje wasa gefe. Ka dubi takardar ga da idon aikinka ka gaya mini gaskiya.

Uwarɗakinka,
Batulu

*

Sakkwato, ƙarshen Satumba

Zuwa ga Malama Batulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya tare da iyali baki ɗaya. Mu ma muna lafiya.

Na karɓi saƙonki da takardar gwajin, kuma na duba ta da kyau. Ga bayanin da zan iya yi miki.

Lambar da aka samu ba ta wuce iyakar da aka saba ɗauka a matsayin daidai ba. Ban da haka, injin da suka auna da shi ba irin namu ba ne. Kowane ɗakin gwaji da nasa injin da nasa sinadaran, kuma jini ɗaya yana iya ba da lamba biyu a wuri biyu ba tare da wani ya yi kuskure ba. Saboda haka ba a gwama sakamakon wuri daban da na wuri daban. Haka kuma wannan sinadari yana iya ɗagawa kaɗan saboda kumburin hanji ko ciwon hanta ko shan taba. Abin da likitoci suke lura da shi shi ne ya yi ta hawa a awo bayan awo, a inji guda.

Kuma ba da shi kaɗai ake hasashen yadda ciwo zai kasance ba. Ana duba zurfin da ƙarin ya yi a bangon hanji, da ko ya kai ga kaluluwa, da abin da hoto ya nuna. A naki, kaluluwa biyu kawai ya taɓa, an cire su, an bi da magani, hoton baya kuma bai nuna komai ba.

Duk da haka ba zan ce miki babu komai ba sai an sake awo a nan. Ina ba ki shawara ki zo da zarar hanya ta samu. Na yi wa likitanki magana, ya ce zai gan ki duk ranar da kika iso.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sa kaffara ne. Ki yafe mini idan akwai inda na gaza a bayanin.

Naki ɗan'uwa,
Badamasi Abdulganiyu

*

Kaoje, ƙarshen Oktoba

Zuwa ga Kawu Badamasi,

Assalamu alaikum, Kawu. Ina gaishe ka da Gwaggo da yara. Mu nan jiki lafiya, har ita Inna, don tana ci tana barci, ba ta koka da komai. Safina ce ke rubutowa, kuma Inna ba ta san na rubuto ba.

Kawu, na san ka yi ta kira tana cewa lafiya lau ta kashe wayar. Ba lafiya lau ba ne. Tun ranar da takardarka ta zo ta canza. Ba kuka take yi ba, da ma kukan ne da na san abin yi. Wani irin sanyin hali ta ɗauka. Ta daina yi wa awaki faɗa. Ta ba ni zannuwanta na cikin adaka, ta ce ba ta son su ci asu. Ta kira Zayyanu ta miƙa masa irinta da injin, ta ce in ruwa ya gama janyewa ya shiga fadamar. Shi ma kunya ta kama shi, ya ce zancen shiga fadama a bari tukuna.

An gyara kwalbati tun makon jiya. Na ce mu tafi Sakkwato, ta ce ba ta son ta wahalar da kowa a kan abin da an riga an sani.

Na ɗauki takardarka na karanta da kaina har sau uku, ban ga mugun labari ba. Na ce mata, "Inna, ai Kawu cewa ya yi lambar ba ta wuce iyaka ba."

Ta ce, "Ke mi kinka sani? Mutumen ga tun muna wasan ƙasa bai taɓa ce mani Malama ba. Ko ranar da anka fito da ni daga ɗakin aiki, ce mani ya yi an fiɗe kada ba a samu komi ba sai rowa. Yau shi na da roƙon in yahe mai? Dubi ko Hausarmu bai rubuta ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ya ga abin da ya gani, kuma ba a zagin mai tahiya."

Kawu, ban san yadda zan yi da wannan ba. Masu dashe sun ce in aka wuce tsakiyar watan gobe ba a zuba iri ba, an makara. Ni ba shinkafar ce damuwata ba. Fadamar nan ita ta tashe ta daga kan gado, kullum ita take lissafi.

Ɗiyarka,
Safina

*

Sakkwato, ranar da takardar Safina ta iso

Zuwa ga Tsohuwar Kada, Sarauniyar Marowata, Mai Kunnen Ƙashi,

Sallama, don addini ya ce a yi. Lafiyata lau, in kin damu. Ke kuwa an ce mini lafiyarki lau, hankalin ne ya tafi kiwo. Kada ki taɓa Safina, ta fi ki wayo tun tana goye.

Batulu, shekara nawa kinka yi kina koya wa ɗiyan mutane karatu? Ashe duk a banza, tun da ba ki iya karanta rubutun hannunki ba. Wa ya rubuta "wannan karon ka aje wasa gefe"? Akuya? Ga takardar nan gabana, da hannunki mai kama da tafiyar kaza. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa bin umurninki ba sai rannan, ga kuwa abin da ya jawo. Na zauna na danne bakina, na yaga takarda biyu don zagi na ta kutsowa, na rubuta miki Hausar rediyo tsaf, ina jin kamar na sa takalmin wani. Har uwargida ta leƙa ta ce ko takardar neman aiki nake rubutawa. Na tuba. Ba zan ƙara girmama ki ba har abada.

To saurara da kyau, in faɗa miki da yaren da kike ji. Kin je kin auna hatsinki da tiyar Kandi, kin dawo kina kuka wai bai yi daidai da tiyar Kaoje ba. Ke da kike faɗa da masu awo a kasuwa kan tiya mai lotsattsen gindi, yau ke ce ba ki san kowace kasuwa da ma'auninta ba? Mutanen Kandi ba su yi kuskure ba, injinsu ne daban. Huɗu da rabi a wurinsu yana iya zama biyun nan taki a wurinmu. Yana kuma iya zama ta ɗaga da gaske, ban sani ba, kuma babu wanda ya sani, har likita, sai an zuba jininki a injin da ya saba da rowarki.

Kuma ko ta ɗaga, wa ya ce miki Alama mala'ikan mutuwa ce? 'Yar rahoto ce kawai. Amfaninta ke nan, ta yi gulma da wuri, a ɗauki hoto, a ga ko akwai abin cirewa tun yana ƙarami. Na ga waɗanda tasu ta hau, anka bi sawu, anka yi abin da ya dace, suna nan suna damun jikokinsu. Na ga kuma waɗanda ba a ci nasara ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ban taɓa ganin wanda ya amfana da zama gida yana rabon zannuwa ba.

Da na karanta takardar Safina raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni. Mu biyu munka rage cikin waɗanda sunka yi wanka a mashayar nan ta bayan gari. In kinka sa ƙafa kinka tafi don na ce miki Malama, wa zan zaga?

Na gaya wa Abdulrashid ya aje miki gidan gaba ranar Litinin. In ba ki shigo ba zan zo da kaina in kwashe awakin, tun da rabo kike yi kuma ni ne magaji. Irin shinkafa kuma ki karɓe abinki daga hannun Zayyanu. Buhuna na ciki.

Ubangidanki har gobe,
Badamasi

*

Kaoje, farkon Disamba

Zuwa ga Mai Kwalabe, Baran Gado,

Wa alaikumus salam. Mun iso gida lafiya tun tuni, aiki ne ya hana ni rubutu, ba kewarka ce ta yi ƙaranci ba, don babu ita tun farko. Jiki alhamdu lillahi. Ka gaida uwargida, ka ce na gode da masauki da miyar sure. Gidanku kam ita ce albarkarsa.

Takardarka ta zagi a tsakar gida na karanta ta. Ina kai wa wajen tafiyar kaza sai dariya ta ƙwace mini, har Safina ta fito da gudu da ludayi a hannu. Na ce mata, "Ɗauko mani zannuwana, ɗan banzan ga ya warke." Ta ce ai ni ce mara lafiya, ba kai ba. Na ce ta dai ɗauko.

Na koma na tuna, lallai ni na ce ka aje wasa. Amma kai ma da wauta. Cewa na yi kada ka ɓoye mini gaskiya, ban ce ka zama wani mutum ba. Ku a wurin aikinku kun ce ba a duba lamba ɗaya, sai a duba yadda ta saba da yadda ta koma. To ni ma abin da na yi ke nan. Shekara hamsin da ɗoriya kana zagina, rana ɗaya zagi ya sauka ƙasa warwas, ga addu'ar nisan kwana, ga neman yafiya. Ko likitanka aka ba wannan sakamakon ai sai ya ce a kira dangi.

Da ka miƙo mini takardar awon a ofishinku kana cewa biyu da 'yan kai, kada ba ta mutu ba, na yi kamar ban damu ba don kada ka samu abin faɗi. Yanzu da nake nesa da bakinka zan faɗa: daɗin da na ji bai da misali. A mota na yi ta hamdala har Jega, matar da ke bayana ta zaci biki za ni.

Likita ya yi mini bayani bayan ka fita. Ya ce sai na cika shekara biyar ana leƙawa kafin su sassauta, kuma kowane wata ukun da ya wuce lafiya yana ƙara musu ƙarfin gwiwa. Ya ce akwai wani sabon awo da ke neman ɓurɓushin ciwon kansa cikin jini, amma bai wadata a nan ba tukuna. Na ce ya bar shi, wannan 'yar gulmar ma ta ishe ni. Na yi alkawarin ba zan ƙara kai jinina wata kasuwa ba, ko kwalbati ya karye sai dai a ɗauke ni a kwalekwale.

Mun zuba iri a kan lokaci, da ƙyar. Zayyanu da kansa ya dawo da injin yana murna, ya ce da ma bai san yadda zai shiga gonar mai rai ba. Jiya na je na ga irin ya tsiro kore shar, na tuɓe takalmi na shiga. Yatsun ƙafar da na ce maka sun mutu, sai ga shi sun ji sanyin laka. Na daɗe a tsaye ina jin abina. Masu dashe za su shiga nan da 'yan kwanaki in Allah ya so.

Saura magana ɗaya, kuma ka karanta ta da kyau tun da an gane dukanmu ba mu iya karatu ba. Ni ba yarinya ba ce. Na san wata rana Alama tana iya tashi da gaske, a injinku, ba na Kandi ba. In ranar ta zo, kai nake so ka gaya mini, kada ka bar wa likita. Kuma kada ka kuskura ka sa mini takalmin wani. Ka ce, ke Tsohuwar Kada, rowarki ta dawo, taso mu je a ɗauki hoto. In ka faɗa mini haka zan ɗaura zane in biyo ka ko ina ne. In kuwa ka ce mini Malama, Allah ya isa.

Buhunka kuma na ware maka shi a zuci. Mai tsakuwa ne.

Uwarɗakinka,
Batulu

*

Sakkwato, tsakiyar Disamba

Ke Tsohuwar Kada,

Lafiya lau, uwargida na amsawa. Na karanta sau biyu don kada a sake.

Na ɗauki alkawari. Ko a bakin gadon asibiti ne, ko kowa na kuka, ni zagi za ki ji daga bakina, kuma gaskiya za ta kasance a cikinsa.

Awo na gaba watan Fabrairu ne. Ki wanke ƙafafun nan kafin ki shigo mana ofis.

Ubangidanki,
Badamasi